Ƙorafi Kan Umarnin Goge Kwamfutar Gumel da Muryoyin da Ke Cikinta

Ofishin Shiyyar Gumel,
Shirin Burtali da Mashaya,
Gumel, Jihar Jigawa.
Litinin, 10 ga Mayu, 1999.

Zuwa ga Mai Girma Babban Darakta,
Shirin Burtali da Mashaya,
Hedikwata, Dutse.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: SABUNTA KANEL TA KWAMFUTAR OFISHIN GUMEL, DA TUHUMAR DA AKA YI WA MALAMA MIRIAM GYANG, DA UMARNIN GOGE NA'URAR

Bayan gaisuwa da girmamawar da ta dace da matsayinka, da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Sunana Ɗalha Ilu Gagarawa, ni ne jami'in da ke riƙe da wannan shiyya, wadda ta haɗa ƙananan hukumomin Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar. Tun da na kama aikin gwamnati ban taɓa ɗaukar alƙalami na kai kukan na gaba da ni ba, kuma da na ga wata ƙofa a buɗe da ban ƙwanƙwasa wannan ba. Ina rubutu ne a madadin ma'aikaciyar da ke ƙarƙashina, Malama Miriam Gyang, jami'ar kwamfuta ta wannan ofishi, da kuma a madadin wasu mutane da ba su da halin rubutu, domin ƙasa ta riga ta rufe su.

Da yake Yallaɓai bai daɗe da zuwa wannan kujera ba, ina neman izinin yin taƙaitaccen bayani. A daminar shekarar 1996 an yi rikici tsakanin manoma da makiyaya a Tudun Kirya, kusa da Ɗanzomo, a kan inda burtali ya bi, har aka yi asarar rayuka daga kowane ɓangare. Bayan haka ne Shirin ya tura marigayi Malam Ephraim Gyang, mutumin Filato ne da ya daɗe a cikinmu har ya iya Fillanci, ya zaga ƙauyuka da rugage da rikoda yana ɗaukar bayanin dattawa. Mafi daraja a cikin abin da ya ɗauko shi ne zaman da marigayi Arɗo Yelwa da marigayi Sarkin Noma Ɗanjuma suka yi a kan tabarma ɗaya, suka faɗi iyakar burtalin da bakinsu, kowa yana gaskata ɗan uwansa. Malam Ephraim ya kwafe kaset-kaset ɗin cikin kwamfutar ofis, wadda shi ya harhaɗa ta da hannunsa a kan tsarin Linux, ya ƙara mata rumbun ajiya na biyu musamman domin muryoyin. Allah ya yi masa rasuwa a hatsarin mota a hanyar Maigatari cikin watan Oktoban bara. Malama Miriam matarsa ce. Tana da babbar difuloma a fannin kwamfuta, kuma ita ta ci gaba da riƙe na'urar bayansa. A cikin mutum ukun da suka yi magana a wancan zama, yau babu ko ɗaya a raye.

Ga abubuwan da nake kuka a kansu:

1. A ranar 15 ga Maris, 1999, Sashen Na'urori na hedikwata ya fitar da umarni cewa kowace shiyya ta sabunta kanel ta kwamfutarta daga lamba 2.0 zuwa 2.2, saboda fargabar abin da zai sami kwamfutoci idan shekarar dubu biyu ta kama. Kamar yadda Malama Miriam ta fahimtar da ni, kanel ita ce zuciyar tsarin, ita ce ke sa na'ura ta gane rumbunta da allonta da lasifikarta. A wannan umarni aka ce a mayar da duk tsofaffin faya-fayan girki hedikwata, kuma mun mayar. A makon ne Malama Miriam ta rubuta, ta hannuna, tana roƙon a aiko da wani rumbu ko tef da za a kwafe muryoyin a ajiye a gefe kafin a taɓa komai. Har yau ba a ba da amsa ba. Da na ce a koma wa kaset-kaset na asali, sai na tarar ma'ajin hedikwata ya karɓe su tun cikin Janairu, an ɗauki jawabin wani taron ƙara wa juna sani a kansu. Ranka ya daɗe, na saurari ɗaya daga ciki. Inda muryar Arɗo Yelwa take, yanzu tafi ne da ƙarar kujeru.

2. Bayan hutun Babbar Sallah da na Ista, faifan sabuntawa ya iso. Takardar da ta zo da shi ta ce a yi aikin ta hanyar manajan ƙunshi, wato manhajar da ke karɓar kowane sabon abu a ɗaure cikin ƙunshi, ta kwance, ta ajiye shi a muhallinsa, ta kuma riƙe lissafin abin da ke cikin na'ura. Manajan yana da hanya biyu. Akwai girkawa, inda sabuwar kanel za ta zauna kusa da tsohuwa, in ta ƙi aiki a koma wa tsohuwa. Akwai kuma sabuntawa, inda ake tumɓuke tsohuwa a dasa sabuwa a gurbinta. Takardar hedikwata ta zaɓi ta biyu, har ta ja layi a ƙarƙashinta.

A safiyar Litinin, 12 ga Afrilu, Malama Miriam ta soma aikin. Manajan ƙunshi da kansa ya ƙi. Ya rubuta a allo cewa sabuwar kanel tana buƙatar wasu ƙunshi da babu su a na'urar, aka duba faifan da aka aiko, a nan ma babu su. Ta dakata, ta hau acaɓa ta tafi gidan waya ta kira Sashen Na'urori. Wanda ya ɗauka ya gaya mata cewa sauran shiyyoyi duk sun gama, Gumel kaɗai ake jira, ta ba manajan umarnin tilastawa ya tsallake ƙorafinsa. Ta ce masa na'urar Gumel ba kamar sauran ba ce, akwai wani kati a cikinta da rumbu na biyu yake rataye da shi. Ya ce umarni umarni ne, in ba a gama ba kafin ƙarshen mako za a kai sunanta gaba. Ta dawo ta faɗa mini wannan a tsaye a bakin ƙofata, hannunta yana riƙe da gefen mayafinta. Mace ce da aka bar wa 'ya'ya, kuma gidan da take ciki na gwamnati ne. Ta koma ta tilasta.

3. Ana tsakiyar aikin wuta ta ɗauke. Batirin da ke riƙe na'ura idan wuta ta tafi ya mutu tun bara, kuma rahotonsa yana hedikwata. Kafin a ta da janareto kwamfuta ta mutu. Da aka kunna ta, ba ta tashi ba. Haruffa biyu kawai suka fito a saman baƙin allo, L da I, suka tsaya, ɗan ɗigon haske yana ƙyaftawa a gabansu. A kashe a kunna, haka. Na leƙa na same ta zaune tana kallon haruffan nan, ta ce mini farkon sunan manhajar da ke tayar da kwamfuta ne, kalmar ba ta ƙare ba ce, na'urar ta buɗe baki za ta yi magana ta manta inda sauran yake.

Ina so Yallaɓai ya san abin da ta yi daga nan, domin takardar tuhuma ba ta ambaci ko ɗaya ba. Ta nemo wani ɗan faifan fulofi na ceto da ke cikin durowa, ta ta da na'urar da shi. Ta gano cewa manhajar da ke tayar da kwamfuta tana neman tsohuwar kanel a inda babu ita, ta gyara mata hanya. Na'ura ta tashi da sabuwar kanel. Amma da ta tambayi manajan ƙunshi wace kanel ce a ciki, sai ya ce babu ko ɗaya: tsohuwa an cire, sabuwa kuma ba a rubuta shigarta ba, ga ta kuwa tana aiki a gaban idonmu. Ɗaukewar wuta ta yanke lissafinsa a tsakiya. Ta sa shi ya sake gina lissafin daga tushe, ya daidaita. Firinta ta dawo, rumbu na farko ya dawo da duk takardun ofis, ba a rasa ko shafi ba.

Rumbu na biyu ne bai dawo ba. Yana nan a cikin akwatin, in ka kanga kunne za ka ji yana juyawa, amma kwamfuta ta ce ba ta san da shi ba. Dalili shi ne katin da yake rataye da shi yana buƙatar direba, wato 'yar manhajar da ke gabatar da kati ga kanel. Malam Ephraim ne ya gina wannan direba da kansa daidai da tsohuwar kanel, sabuwa kuwa ta ƙi karɓarsa. Don a gina sabo ana buƙatar ƙunshin tushen kanel da kayan gini, su ma babu su a faifan da aka aiko. Don a koma wa tsohuwar kanel ana buƙatar tsohon faifai, shi kuma yana hedikwata bisa umarnin hedikwata. Na aika direban motarmu Dutse ya karɓo, aka ce masa an kulle tsofaffin faya-fayai, ba a fitar da su sai da sa hannun wanda ya tafi kwas.

4. Abin da zan faɗa yanzu na yi ta tunanin ko ya dace da takardar ofis. Na yanke shawarar rubutawa domin ina wurin, kuma shi ne ake juyawa a yi mata sharri da shi.

Ranar Alhamis, 22 ga Afrilu, bayan sallar azahar, Malam Kawu, babban ɗan marigayi Arɗo Yelwa, ya biyo ta ofis a kan hanyarsa ta dawowa daga kasuwar Maigatari. Ya zo tambaya ne ko maganar mahaifinsa za ta samu a ranar zaman kwamitin sulhu kan rikicin burtalin. A daidai lokacin Malama Miriam tana gwada dabara ta ƙarshe da ta rage mata, wato ta cusa wa sabuwar kanel tsohon direban da ƙarfi, ta kuma buɗe rumbun ta yadda za a iya karantawa kaɗai, ba za a iya rubuta komai a kansa ba. Sai ga rumbu ya bayyana. Ta kira ni, na shigo tare da Malam Kawu. Sunayen ƙauyuka suka jeru a allo, ta zaɓi na Tudun Kirya don ta tabbatar lafiyarsa ƙalau.

Lasifika ta yi magana, amma ba da muryar da muka sani ba. Sabuwar kanel ba ta daidaita da katin sauti ba, sai ta riƙa jan maganar a hankali, ta yi ƙasa, ta yi kauri, kamar mai magana daga ƙasan rijiya. Wanda ya fara magana mijinta ne, yana yi wa dattawan sallama yana tambayar gajiya. Sallamar da ba ta wuce numfashi ɗaya ba ta ɗauki lokaci mai tsawo tana fitowa. Malama Miriam ba ta motsa ba, hannunta yana kan tebur a buɗe. Daga nan aka yi tari. Ni ban gane ba, amma Malam Kawu ya gane tarin mahaifinsa. Ya miƙe tsaye, ya tuɓe takalmansa a cikin ofis, ya soma salati. Muryar ta ce burtalin ya taso daga tsamiyar bakin kwari, ya bar gonar wani a hannun dama, ta soma faɗin sunan mai gonar. A nan na'urar ta daskare. Harafin da ke bakin tsohon ya maƙale, ya ci gaba da fita, sauti ɗaya dogo da ba ya hawa ba ya sauka, madannai sun ƙi amsawa, har sai da Malama Miriam ta zare wayar wuta daga bango.

Malam Kawu ya juyo. Malama Miriam ya fuskanta, ya kira ta da 'yar uwa. Ya ce ya roƙe ta don Allah kada a sake ta da tsohon a wannan hali, in zai yi magana ya yi da muryarsa, in ba haka ba a bar shi ya kwanta. Ta ce masa ita ma nata yana ciki. Ya ɗauki takalmansa a hannu ya fita, bai sa su ba sai a bakin titi.

Tun ranar ba ta ƙara gwada wannan dabara ba, kuma dalilinta na aiki ne: duk daskarewa irin wannan tana iya lahanta rumbun, kuma ba mu da wani. Amma ba zan ɓoye wa Yallaɓai halin da ofis yake ciki ba. Masinjanmu, Malam Cindo, dattijo ne da ya yi aikin soja, yanzu a bakin taga yake ajiye takardun ɗakin kwamfuta, ba ya shiga. Malama Miriam tana zuwa a kan lokaci, ta goge na'urar, ta yi aikin ofis a rumbu na farko, rumbu na biyu yana juyawa kusa da gwiwarta. Ta rame. Ta ce mini ba muryar ce ke damunta ba, sanin cewa yana ciki yana tsakiyar gaisuwa ne, kuma duk safiya ita ke kunna masa wuta ba ta iya buɗe masa. Ni kaina, da rana tsaka, fankar ofishina tana juyawa, na sha ɗaga kai saboda na ji wannan dogon sauti a cikin ƙararta. Na san fanka ce. Duk da haka kashe ta nake yi in zauna cikin zafi.

5. A ranar 26 ga Afrilu aka aiko wa Malama Miriam takardar tuhuma daga Sashen Na'urori. An zarge ta da sakaci da lalata kayan gwamnati. Sakin layi na uku ya ce an sami labarin tana amfani da na'urar ofis a lokacin aiki wajen sauraron muryar mijinta, kuma wannan ne ya sa ta ƙi bin umarni yadda ya kamata. Ranka ya daɗe, da dukkan ladabi, wannan magana ba gaskiya ba ce, kuma ba ta dace ta fito daga ofishin da mamacin ya yi wa aiki har ranar mutuwarsa ba. Ofishina da nata bango ɗaya ne. Tun daga rasuwarsa har ranar Alhamis ɗin nan ban taɓa jin ta kunna rikodin ko ɗaya ba, domin in ana buƙatar wani, ni take kira in saurara ita ta fita waje. Umarni kuwa ta bi shi, kuma binsa ne ya kawo mu nan. Ta karanta takardar a gabana, ta ninke ta, ta tambaye ni ko amsar da hannu ake so ko da na'ura.

6. A ranar 3 ga Mayu aka aiko da umarni na ƙarshe, cewa mota za ta zo ranar Litinin, 17 ga wata, ta ɗauki kwamfutar zuwa Dutse, a goge dukkan rumbunanta a girka komai sabo don ta zama daidai da na sauran shiyyoyi. Na tabbata wanda ya rubuta wannan bai san abin da ke ciki ba.

Kwamitin sulhu zai zauna a Ɗanzomo ranar Talata, 25 ga Mayu. Taswirar da muke da ita manoma sun ce Fulani aka zana wa, makiyaya sun ce manoma aka zana wa. Abu ɗaya da ɓangarorin biyu suka yarda za su saurara su bi shi ne maganar iyayensu biyu, kuma a kan wannan alkawari hakimai suka riƙe matasa har yanzu. A ƙarshen makon da ya wuce an yi ruwan farko a wajen Sule Tankarkar. Ma'aikacinmu na can, Malam Ɗanjuma Rabo, jikan marigayi Sarkin Noma, ya aiko mini cewa an soma saran shuka, wasu ramukan sun shiga inda ake gardama, shanu kuma sun fara gangarowa. Ni na halarci jana'izar mutanen Tudun Kirya a 1996, ta gari da ta ruga a yini ɗaya. Ba na so in sake.

Saboda haka, cikin ƙanƙan da kai, ina roƙon Yallaɓai:

(a) Ya dakatar da umarnin 3 ga Mayu nan take, a rubuce.

(b) Ya sa a buɗe ma'ajiyar hedikwata a fito da tsohon faifan girki na shiyyar Gumel, a kawo shi tare da rumbu ɗaya lafiyayye da batirin riƙe wuta. Malama Miriam ta tabbatar mini cewa da waɗannan za ta sa manajan ƙunshi ya girka tsohuwar kanel a gefen sabuwa, ta ta da na'ura da ita, ta kwafe muryoyin gaba ɗaya, ta juye na Tudun Kirya a kaset domin kwamiti. Bayan haka, in an aiko da cikakken faifai mai tushen kanel da kayan gini, za ta gina sabon direba ta kammala sabuntawar da hedikwata ke so, tun shekara ba ta ƙare ba.

(c) Ya janye takardar tuhumar 26 ga Afrilu, ya kuma sa a cire ta daga fayil ɗinta. In ba za a janye duka ba, ina roƙo don girman Allah a soke sakin layi na uku. Wata rana 'ya'yanta za su je neman haƙƙin iyayensu, a buɗe musu wannan fayil.

(d) Ya sa a binciki sauran shiyyoyin da aka ce sun gama, domin ban san abin da aka tumɓuke musu ba tare da sun lura ba.

A ƙarshe, ya zama wajibi in sanar da Yallaɓai, ba don raini ko taurin kai ba, cewa daga yau na karɓi makullin ɗakin kwamfuta daga hannun Malama Miriam, don kada a ce ita ta hana. Idan mota ta zo ranar Litinin ba tare da amsarka ba, za mu karɓi direba da mutunci, mu ba shi ruwa da abinci, ya juya. Duk hukuncin da wannan zai jawo, a rubuto shi da sunana.

Allah ya ƙara wa Yallaɓai lafiya da basira, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Ni ne mai biyayya gare ka,

(sa hannu)
Ɗalha Ilu Gagarawa,
Jami'in Shiyya, Gumel.

Kwafi zuwa ga:
Shugaban Kwamitin Sulhu, Ɗanzomo.
Malama Miriam Gyang, Jami'ar Kwamfuta, Gumel.